Neman kwafin tsohuwar shari'a a ofishin rajistaran kotu: uku cikin biyar na ba su

Uku cikin biyar zan ba ofishin rajistaran kotun da muka nemi kwafin tsohuwar shari'ar gadonmu, kuma in za a bi gaskiya ɗaya daga cikin ukun nan na wani dattijo ne mai kula da sito, ofishin albarkacinsa kawai ya ci. Sunan kotun da garin na bar su a cikina don ba tonon silili na zo yi ba, kuma duk wanda ya taɓa shiga irin ofishin nan a jihohinmu ya san kusan duk kanwar ja ce. Takarda dai mun samu, mai ƙarfi kuwa, wadda za ka miƙa a gaban kowane alƙali ba tare da gabanka ya faɗi ba. Abun da ya zaftare musu maki shi ne hanyar da sai ka bi kafin ta shigo hannunka.

Gidan kakanmu ne na cikin gari ya kai mu. An raba gadonsa tun zamanin soja a kotun da lokacin ake ce wa eriya kotu, baffanninmu biyu suka karɓi kuɗi a madadin kasonsu, mahaifinmu ya riƙe gidan daga baya har ya yi masa satifiket, alƙali ya rubuta kowa ya sa hannu aka tashi lafiya. Yanzu su ukun duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, sai ga ɗan baffanmu ɗaya ya garzaya Babbar Kotun Jiha wai a soke satifiket ɗin don gidan ba a taɓa raba shi ba. Can ya kai saboda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 Babbar Kotu ta ba hurumin sauraron rikicin filin da ke da takardar gwamna. Lauyanmu yana gama karanta sammacin yace abu ɗaya ne zai kashe bakin maganar nan, hukuncin farko, domin abun da kotu ta riga ta yanke tsakanin mutane ba a dawo da shi sabo ko da magadansu ne suka taso da shi. Hajiya mahaifiyarmu ta buɗe akwatinta ta zaro wata fotokwafi da ta ninke cikin leda shekara da shekaru, ta yi ja ta koɗe, saman ma inda lambar ƙarar take injin bai ɗauka ba tun asali. Lauya ya juya ta gaba da baya yace Hajiya wannan kam ki ajiye abarki don tarihi, kotu CTC take so.

Ga wanda bai taɓa jin CTC ba, kwafi ne da ma'aikacin da asalin takardar ke hannunsa ya duba ya rubuta a ƙasa cewa wannan daidai yake da na asali. Dokar Shaida ta 2011 ta sa bayanan kotu cikin takardun hukuma a sashe na 102, sashe na 104 kuma yace ma'aikacin da ke riƙe da irin takardar, in wanda ke da haƙƙin duba ta ya nema ya biya kuɗin da doka ta yanka, dole ya ba shi kwafi. Dole fa, ba alfarma ba. Na tsaya a nan ne saboda yawancinmu muna shiga ofishin nan da ɗari-ɗari muna ta ranka ya daɗe a taimaka, alhali haƙƙinka ka zo karɓa. Ladabi yana da kyau kuma yana buɗe ƙofa, ni ma na yi shi sosai, amma ka yi shi kana sane da abun da doka ta ba ka.

Tun daga bakin get za ka fara gamuwa da masu tare hanya, samari da manya, Alhaji me za a yi, afidabit ne ko canjin suna, kawo mu shige maka. Ka gaishe su ka wuce. Wasunsu sun san kan wurin ƙwarai ba ƙarya, matsalar ita ce ba ka san hatimin da za su kawo maka daga wane aljihun tebur ya fito ba, kuma ranar da lauyan abokin shari'arka ya miƙe yace bai yarda da takardar nan ba, ba za ka ga ko ɗayansu a kotu ba. Ka nemi ofishin rajistara da ƙafarka. Abun da ake buƙata wasiƙa ce ƴar gajeriya zuwa ga rajistara, sunan mai ƙara da wanda ake ƙara, lambar ƙarar, shekara, da abun da kake so a ba ka, hukuncin kaɗai ko duk zaman shari'ar tun daga farko. Mu duka muka nema saboda amincewar baffanninmu cewa sun karɓi kuɗinsu a cikin zaman take, hukuncin kansa layi kaɗan ne. Ka je da kwafi biyu na wasiƙar a buga maka sitam na an karɓa a kan ɗaya ka riƙe, ita ce hujjarka ranar da aka ce maka ba a ga takardarka ba. Sun tambayi katin shaida sun kuma tambayi dangantakata da masu shari'ar, wannan ban ga laifinsu ba, ba kowane fayil ake buɗe wa kowa ba musamman wanda ya shafi yara ƙanana.

Toh daga nan aka zo inda gizo ke saƙar. Tambayar farko da ta biyu da ta uku duk ɗaya ce, lambar ƙara. In kana da ita aikin ya zo da sauƙi, in ba ka da ita kuwa allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Ofishin ba shi da wani jeri na sunaye da za a buɗe a ce harafin kaza ga sunan mahaifinka, balle a danna a kwamfuta. Abun da ke akwai littafin shigar da ƙara ne na kowace shekara, an jera ƙararraki bi da bi yadda suka shigo daga Janairu har Disamba, CV na shari'ar tsakanin mutum da mutum, CR na laifi. Wato sai ka san shekarar, sai ka san kotun, sannan a bi da yatsa layi layi. Ita kanta kotun ma ba lallai ka same ta yadda aka bar ta ba. Kotunan alƙalai na zamanin En'e aka mayar eriya kotu a 1968, sannan daga 2000 da Zamfara ta fara jihohi da dama suka mayar da su kotunan shari'ar Musulunci, an canja suna, an canja lamba, wasu an haɗe su wasu an tashe su daga gininsu, littattafai kuma aka loda a mota aka kai inda aka ga akwai ɗaki. Ma'aikacin da ke tebur na farko yaro ne da ina jin ba a haife shi ba lokacin da aka yi shari'ar, ya dube ni da tausayi yace yallaɓai sai dai ka ga Baba.

Baba yana can baya, ɗaki ne mai ƙaramar taga ɗaya, kantoci har rufi, fayil-fayil an ɗaɗɗaure su da igiyar leda dami dami an rubuta shekara a jikin kwali da maka, na ƙasa damina ta taɓa su sun manne da juna, ga hanyar gara ta bi bango ta hau. Ƙurar wurin in kana da asma kar ka shiga. Shi kuma yana zaune bakin ƙofa da rediyonsa, gilashinsa an ɗaure ƙafa ɗaya da zare.

Na durƙusa muka gaisa, yace "Ɗana, lamba?"

Nace "Baba babu, ita ce ta kawo ni wurinka."

Bai yi tsaki ba bai kore ni ba, cewa yayi "To wane alƙali ne ya zauna a kai? Tsohuwarka na da rai? Kira ta."

Na kira Hajiya na sa a sifika. Sunan alƙalin ya ɓace mata amma ta tuna kamanninsa, dogo ne fari mai ƴar ƙaramar murya, Baba ya gyaɗa kai ya faɗi sunan nan take har da cewa daga baya an mayar da shi wata ƙaramar hukuma. Sai ya koma shekara, "Hajiya da damina ne ko da rani? Wa ke mulki? Kina goyon wa?" Tace ita dai ta san lokacin ana ta rigimar soke zaɓen Abiola kuma tana goyon autarta. Soke zaɓen nan 1993 ne, Baba yace to mu duba ta da shekarar da ke bi mata. Ya hau benci da kansa duk da na ce ya bari na hau, ya sauko da littattafai biyu manya masu baƙin bango, ya lasi yatsa ya fara bi. Wallahi kallon mutumin nan yana aiki shi ne abu mafi daɗi a duk wahalar, ya san rubutun hannun kowane muhuti da ya taɓa zama a kotun, wani shafin Hausar boko wani Larabci ya ratsa, shi duk ɗaya ne a wurinsa. Bai samu a ranar ba. Da na dawo ya riga ya sa tsinken tsintsiya a shafin, ga sunan kakana ga na mahaifina ga lambar CV ɗin a gefe da jan biro.

Abun da ya dame ni har yanzu shi ne duk wannan sanin a kan mutum ɗaya yake, kuma da bakinsa ya gaya mini ritayarsa ta kusa. Ranar da ya tafi, wanda zai zo da irin matsalata sai dai ya koma gida. Kuma gyaran ba wani abu ne mai tsada ba, ƴan bautar ƙasa biyu da laftof ɗaya su zauna gefen Baba su kwafe sunan mai ƙara, wanda ake ƙara, lamba da shekara, ko ba a yi sikanin ko shafi ɗaya ba an rage fiye da rabin wahalar mutane. Sikanin ɗin ma ai ya kamata, kowa ya ga abun da ya faru a watan Oktoban 2020 lokacin zanga-zangar EndSARS da aka cinna wa Babbar Kotun Legas ta Igbosere wuta, fayil nawa suka tafi a rana ɗaya. Mu nan ko wuta ba ta zo ba gara da yoyon rufi suna nan suna aikinsu a hankali.

Bayan an gano littafi sai bugawa, saboda rubutun hannun alƙali ba a yage shi a ba ka, sai mai taifin ta zauna ta buga shi kaf a kwamfuta. Nan ne lokaci ya tafi. Kwamfuta ɗaya ce a ofishin, mai bugawa ɗaya, tana fama da shari'un da ake kan yi waɗanda lauyoyi ke tsaye a kanta, ga NEPA in ta ɗauke sai a zauna ana fifita da fayil. Duk abun ya ci mana sama da wata guda. Ban ce malalata ba ne, na ga yadda matar nan ke aiki ko sallar azahar a gurguje take yi, kayan aikin ne babu.

Maganar kuɗi kashi biyu ce kuma ya kamata mutum ya raba su a ransa tun kafin ya shiga. Akwai na hukuma, ana lissafa shi da yawan shafuka a rubuta maka a jikin wasiƙarka ka je ka biya a ba ka rasit, wannan bai da yawa ko kaɗan in ka auna da darajar gidan da kake karewa. Sai kuma na gefe wanda ba rasit, a sa mai a janareta, a sayo takarda, tawadar firinta ta ƙare. Wani na gaske ne don na ga firintar da idona tana fitar da shafi fari fat, wani kuma Allah masani. Ban ji daɗinsa ba kuma shi ya cinye musu maki guda cur, domin talakan da ya zo daga ƙauye da kuɗin mota ƙididdigagge ba zai iya ba, fayil ɗinsa zai yi ta komawa ƙasa. Baba kam bai tambaye ni ko sisi ba, abun da na ba shi ni na ga dama kuma sai da na matsa. Rasit ɗin hukuma kuwa ka riƙe shi da kyau, don biyan kuɗin yana cikin sharuɗɗan ingancin takardar, Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar kamfanin Tabik da bankin GTB a 2011.

Inda suka burge ni shi ne wajen tantancewa. Rajistarar mace ce, ba ta da yawan fara'a amma ta san aikinta. Kafin ta sa hannu ta sa aka kawo littafin asali aka buɗe a gabanta tace in zauna in karanta bugaggen da ƙarfi tana bin na hannu. A shafi na uku muka ci karo da iyakar gidan, littafi yace gabas ya yi iyaka da masallaci, bugagge yace yamma. Kalma ɗaya tak, amma a shari'ar gida kalmar nan za ta iya sa a ce ai wani gidan daban aka raba ba wannan ba. Ta zagaye da biro ta mayar aka sake bugawa, tace "Malam, in na buga hatimi a kan kuskure ni ce zan amsa, kai kuma kai ne za ka yi asara." Nace ranki ya daɗe haka ne. Don haka ko ba a ce ka karanta ba kai ka roƙa a bar ka ka karanta, sunaye, iyakoki, adadin kuɗi da kwanan wata, nan kurakurai ke ɓuya.

In an miƙo maka kar ka naɗe ka fita da murna, duba ƙasan takardar. Sai ka ga rubutun da ke cewa kwafi ne na gaskiya, da kwanan wata, da cikakken sunan wanda ya tantance da muƙaminsa, da sa hannu da hatimi. Sitam kawai da wani ɗan zane a kai ba suna bai wadatar ba, lauyan ɗaya ɓangaren da shi zai fara. Wani zai ce ai ni a kotun shari'a na miƙa fotokwafi kuma alƙali ya karɓa, eh zai yiwu, saboda sashe na 256 na Dokar Shaidar ya cire shari'un da ba na laifi ba a irin kotunan nan daga ƙarƙashinta, su da ƙa'idojin shaida na Musulunci suke aiki. Amma da zarar magana ta taka Babbar Kotu toh dokar ta hau kanta.

Masu cewa a duba intanet, na duba. Shafin NigeriaLII kyauta ne kuma akwai hukunce-hukuncen manyan kotuna da yawa, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana sa nata a shafinta, lauyoyi kuma suna biyan shafin LawPavilion ko su sayi mujallar rahoton shari'u ta mako-mako da marigayi Gani Fawehinmi ya kafa a 1985. Duk suna da amfani in kana son sanin me doka ta ce, amma rabon gadon gidan kakanka a ƙaramar kotu ba zai taɓa fitowa a can ba, kuma ko ya fito abun da ka firinta daga waya ba CTC ba ne.  Wanda kuma abun da yake nema ya kai zamanin Turawa, ya gwada Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Ɗan jarida ko mai bincike da ba ya cikin shari'ar zai iya jingina da Dokar Ƴancin Samun Bayanai ta 2011 wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa.

Ga wanda shari'arsa ke gaban kotu yanzu, ranar da aka yanke hukunci ranar za ka rubuta wasiƙar neman kwafi, ko kai ka ci ko kai aka kayar. Sashe na 294 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa manyan kotuna su ba masu shari'a ingantaccen kwafin hukunci cikin kwana 7 da yanke shi, lokacin fayil yana kan tebur muhuti bai manta ba. In ɗaukaka ƙara za ka yi daga Babbar Kotu wata 3 gare ka a hukuncin ƙarshe, kwana 14 kacal a na tsakiyar shari'a, kuma ofishin ba kullum yake buɗe ba, a 2021 ma'aikatan kotuna na ƙungiyar JUSUN sun garƙame ƙofofi tun daga Afrilu sama da wata biyu. Ka rubuta lambar ƙarar a wuri fiye da ɗaya, ka ɗauki hoton takardar, ka gaya wa ƴaƴanka sunan kotun da shekarar.

Sai ka ɗauki lauya kafin a ba ka? A'a, in kana da lamba kuma kana cikin shari'ar ko magajin wanda ke ciki ne kai, da kanka za ka iya, ka je da safe kafin alƙali ya zauna don da an fara zama duk ma'aikatan suna ciki, Juma'a kuma rabin rana ce kar ka ɓata kuɗin mota. In kana wani gari mai nisa ne toh wasiƙar lauya da yaronsa mai zirga-zirga za su hutar da kai. Kuma ka biya a tantance maka guda biyu lokaci ɗaya tunda an riga an buga, domin wadda lauya ya miƙa a matsayin shaida tana zama a fayil ɗin kotu har a gama shari'a, in an ɗaukaka ƙara ma ta bi fayil ɗin ta tafi. Tamu ɗaya tana gaban Babbar Kotu yanzu, ɗayar tana wurin yayanmu.